Shekarar da Aka Ɗauke Ni Aikin Cewa A'a

Kafin in ci gaba, bari in gyara wata magana da na ji tana yawo a tsakar gidana ranar Kirsimetin da ta wuce, lokacin da kuka zaci barci nake a kujerata. Wani daga cikinku, ba zan kama suna ba amma ya gaji faffaɗan goshin kakansa, ya ce wai Anti Rifkatu ta taɓa faɗuwa jarrabawa, shi ya sa 'yan ajinta suka riga ta zama manyan likitoci. Wata kuma ta ƙara wa miyar gishiri, ta ce ai Baba ne ya jawo mata. To ku buɗe kunnuwanku. Rifkatu ba ta taɓa faɗuwa komai ba, in ban da faɗowa daga mangwaron maƙwabta tana 'yar firamare. Shekarar da ta rasa, ita ta ajiye ta da hannunta, idonta biyu. Ni kuwa ina wurin. Ni ne ma kayan aikin da aka yi darasin da shi.

Lokacin na daɗe da barin reluwe. Ku da kuka taso kuka tarar da tashar Kafanchan ciyawa ta cinye layi, awaki na kiwo inda fasinja ke tsayawa, ba za ku gane abin da muke nufi ba idan muka ce garin nan ya yi zamani. Jirgin Fatakwal ya shigo yana huci, na Jos yana jira, mata na gudu da lemo da dafaffiyar gyaɗa a ka, ka ji harshe goma kafin ka kai bakin ƙofa. A cikin wannan hayaniyar aikina shi ne juya layi da ɗaga tuta. In na ɗaga ja, ko wane ne a cikin jirgin, sai ya tsaya. Karatuna bai yi nisa ba, malaminmu ma ya ce kaina kamar kwando yake, ana zubawa yana tsiyayewa, amma tsayar da abin da ya fi ni girma, wannan kam na yi digiri a kansa. Da na yi ritaya sai na rasa abin tsayarwa, na koma ƙarƙashin bishiya ina gardama da duk wanda ya wuce. Kakarku Saratu ta ce in da gardama citta ce, da mun gina bene.

Gwiwa ce ta kai ni asibitin da 'yata Rifkatu ke aiki. Wata nas ta zaro allura ba ko sallama, na ce ta dakata. Mene ne a ciki? Wa ya ce ina so? In na ƙi fa? Muna cikin haka sai na ga wata dattijuwa, gajeriya, da furfura da tabarau a kan hanci, ta tsaya tana kallonmu kamar mai kallon dambe. Ita ce Mama Dakta, babbar likitar da ke koyar da sababbin likitoci, mutuniyar wajen Kagoro. Sunanta na yanka ba wanda ke kira.

"Baba, wannan bakin naka haya kake ba da shi ko na amfanin gida ne kawai?" in ji ta.

Na ce, "Ya danganta da mai haya."

Ta ce, "Ina da yara masu farar riga da ba a taɓa ce musu a'a ba. Ka zo ranar Litinin ka ce musu."

Haka na shiga aikin. Bita ce ake yi wa matasan likitocin da suka fara bincike, don kafin likita ya zama babba sai ya ɗauki wata cuta ya bi diddiginta a jikin mutane, ya rubuta abin da ya gani. Su suna kiran darasin da wani dogon suna na Turanci, ni kuwa na sa masa suna tarbiyya. Mama Dakta kan juya zuwa Hausa saboda ni, kuma abin da ta faɗa ranar farko ya zauna mini duk da kwandon kaina. Ta ce idan mutum ya zo neman magani, shi ne mai roƙo. Idan kuwa likita ya zo neman mutum don bincike, likita ne mai roƙo, kuma mai roƙo ba ya tsawa. Dole ya faɗi abin da zai yi, da inda zai yi zafi. Dole mutum ya san zai iya ƙi, a kuma ci gaba da duba shi da fuska a sake. Wanda ya shiga yana iya fita ba tare da an tambaye shi dalili ba. Abin da ya faɗa a ɗaki kuwa, a ɗakin zai mutu. Sauran kwanakin ta yi musu faɗa kan rubuta abin da ba su auna ba, da ɗaukar aikin wani a manna suna, amma wannan ba fannina ba ne, lokacin nakan fita in sha shayi.

Fannina shi ne kujera. A ajiye ni a gaban aji da tsohuwar rigar gona, a ce ni manomin citta ne daga ƙauye, sai a turo likita ɗaya ya nemi yardata. Kai, 'ya'yana, ban taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. Na farko ya zuba mini Turanci kamar ruwan Agusta, da ya gama na ce amin, na tambaye shi wace aya ya karanta. Na biyu ta ce za a ba ni magani kyauta, na ce to in na ƙi, da tsada za a sayar mini ke nan? Ta yi tsuru-tsuru. Na uku ya miƙo biro ya ce, "Baba sa hannu kawai, ba wani abu ba ne." Na ce in ba wani abu ba ne, me ya sa yake gumi?

Akwai wani siriri mai sanyin murya, Dakta Bashir, ɗan wasu 'yan kasuwar hatsi daga Kachia. Shi ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi bayani dalla-dalla har na kusa tausaya masa. Amma aiki aiki ne. Na ce ba na so. Ya sake bayani, na ce na ji, ba na so. Ya buɗe baki zai roƙe ni don girman Allah, sai ya haɗiye. Ya tattara takardunsa.

"To Baba, na gode. Ba komai. A gaida gida."

Mama Dakta ta tafa masa ita kaɗai. Ta ce duk ajin nan shi ne ya fara zama likita.

Yanzu bari in kai ku gida, don a can tukunyar ke tafasa. Rifkatu na cikin 'yan bitar, kuma tuni ta yi nisa da nata binciken, kan hawan jini a jikin mata masu shekaru. Kowace Alhamis da safe, kafin a sa komai a baki, za a auna mace a ɗebi jini kaɗan, a gida kuma a rage gishiri. Tana bukatar mata da yawa su jure har ƙarshe, in ba haka ba aikin bai cika ba, ba za a bar ta ta zauna babbar jarrabawa ba. Mata kuwa ta same su a sauƙaƙe. Fasto ya yi sanarwa bayan wa'azi cewa ɗiyarmu likita na neman iyayenta. Shugabar matan zumunta ta cocinmu, Mama Talatu, wadda muryarta ba ta bukatar lasifika, ta miƙe ta ce, "Yarinyan mu ne. Wanda bai zo ba, zai gaya mini dalili." Alhamis ta farko suka ɗaura zanen zumunta iri ɗaya, suka shiga asibiti a jere suna waƙa da tulun kiɗa, har masu gadi suka zaci gawa aka zo ɗauka. Kowacce an karanta mata takarda, kowacce ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Kwamitin asibiti mai ba da izinin bincike ya duba ya ce komai daidai. Ni kaina na yi tafiyar ƙasaita a unguwa sati guda.

A sahun gaba akwai kakarku. Ku kun san ta da yanka kaza ba ƙyaftawa, amma ba ku san cewa allura ce ajalinta ba. Matar da ko zare za ta zura sai ta ɗan kau da kai. Tun daga yammacin Laraba takan yi shiru, ta daina waƙa a madafa. Ta dawo ranar Alhamis da auduga a hannu, fuska kamar toka, ta kwanta a tabarma har rana ta karkata. Gwaten acca kuwa ya koma kamar hukunci, don gishirin da aka hana ta, mu ma an hana mu.

Wata Alhamis na ce mata, "Maman Rifkatu, ki gaya wa yarinyar nan ba kya iyawa."

Ta ɗago kai. "In gaya wa wa? Yarinyar da ta yi karatu da fitilar kwai har idonta ya lalace, a ce uwarta ce ta fara gudu? Talatu ta ji? Kai dai da bakinka. In ka furta, za ka ci tuwo ba miya har bikin Ista."

Na kama bakina. Ina tsayar da jirgi, amma ban taɓa gwada jar tuta a kan Saratu ba.

Ana nan sai layi ya zo kan Rifkatu a wurin bita. Tun a gida na yi cika baki, na ce yau za ta san uban wasu ne ni a kujerar nan, sai ta yi kuka. Ta yi dariya ta ce mu je mu gani. To ga abin da ba ku sani ba, ko kun sani ba ku auna nauyinsa ba: Rifkatu sunan mahaifiyata ne. Ban taɓa kiran yarinyar nan da sunanta a gabanta ba, Mamana nake cewa. Ga wushiryar tsohuwa, ga yadda take karkata kai idan za ta nemi abu. Ta jawo kujera ta zauna a gabana da farar riga, ta karkata kan nan, ta ce, "Ina kwana, Baba. Sunana Dakta Rifkatu, na zo neman taimakonka a kan wani..."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"To Mamana, ina zan sa hannu?"

Ajin ya fashe da dariya. Wani har ya faɗo daga benci. Wanda na tambaya wace aya ya karanta, shi ya fi kowa dariya, ya samu ranar ramuwa. Ni ma na yi, Rifkatu ma ta yi, tana rufe fuska da takarda. Mama Dakta ce kaɗai ba ta yi ba. Ta jira dariyar ta kwanta, ta sauke tabarau.

"Baba Bulus, me za ta yi maka?"

"Ban sani ba."

"Da zafi ko babu?"

"Ba ta kai nan ba."

"To me ya sa ka yarda?"

Na ce, "Haba Dakta, uwata ce fa."

Ta juya wajen Rifkatu, ba faɗa, ba ɗaga murya. "'Yata, mutumin da muka ɗauko musamman don ya ƙi, wanda ya sa mazan ajin nan gumi, bai iya ƙin ki ba ko a wasa. Su wa ke cikin bincikenki?"

Dariyar ta bar fuskar Rifkatu a hankali. Ta ce mamanta, da ƙannen mamanta, da matan zumuntar cocinmu.

"Wa ya kira su?"

"Fasto ya yi sanarwa. Amma Ma, kowacce na karanta mata, kowacce ta sa hannu da kanta."

"Shi ma ai biro ya nema," in ji Mama Dakta, ta nuna ni.

Bayan an tashi ta kira mu ofis, ni da ita. Ta ce ba za ta ba da umarni ba. Takardun Rifkatu lafiya lau suke, ba dokar da ta taka da gangan, in ta yi shiru ta ƙarasa ba mai kama ta. Ɗaya hanyar ita ce ta koma gaban kwamiti da ƙafarta ta faɗi yadda aka tara matan, a sa baƙon da ba su sani ba ya sake tambayar kowacce ita kaɗai, ita kuma Rifkatu ta janye daga ganin wa ya zo wa bai zo ba. Ta ce, "Wataƙila duk su zauna. Wataƙila ki wayi gari ba ki da kowa. Ni na tsufa, shekarar taki ce ba tawa ba."

Ba zan ɓoye muku ba, ina cikin masu cewa ta ƙarasa, kuma har gobe ina ganin duk uban da ya biya kuɗin makaranta haka zai ce. A hanya na yi ta yi mata lissafi: mata sun yarda, kwamiti ya yarda, Fasto ya sa albarka, me ya rage?  Muna shiga gida ta tarar da uwarta na tsince acca a faifai, ta durƙusa a gabanta.

"Mama, kina son abin nan da nake yi miki?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Na yi miki ƙorafi?"

"Ba ki yi ba. Kina so?"

Na buɗe baki, Saratu ta taka mini ƙafa, daidai mai ciwon. Ta ce, "Ni na haife ki. Jinin ma ai naki ne, in kin so ki kwashe duka."

Rifkatu ta dube ta. Sannan ta ce, "Shi ya sa ba ni ce ya kamata in tambaye ki ba."

Washegari ta je gaban kwamiti. Aka ba Dakta Bashir aikin, tunda shi ba ɗan cocinmu ba ne, ba ɗan garinmu ba, ba wadda ta goya shi. Aka ce kowace mace ta zo ita kaɗai, ba zanen zumunta, ba waƙa, ba tulu. Ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya a wani ɗan ɗaki, ƙofa a rufe. Wadda ta zauna a binciken, lamba ce za ta isa hannun Rifkatu, ba suna ba. Wadda ta fita, ta fita ke nan.

Da aka gama, lambobin da suka isa hannunta ba su kai ko kusa ba. Ashe ba Saratu kaɗai ke yin shiru ranar Laraba ba. Wata na da gonar citta da ke jiranta, wata na jin jiri in ba ta karya ba, wata tsoron Mama Talatu ne kawai ya kawo ta. Wannan hasashena ne, don ba wanda ya gaya mini. Abin da na gani da idona shi ne ranar da 'yan ajinta suka hau mota zuwa jarrabawa, ita tana tsakar gida tana wanke farar rigar da ba ta yi datti ba. Ta wanke, ta ɗauraye, ta sake wankewa. Uwarta ta zauna kusa da ita tana fere rogo. A coci kuwa magana ta tashi, wai boko ya sa ta raina iyayenta, an ba ta jini ta ce ba ta so. Mama Talatu ta yi wata da watanni tana amsa gaisuwarmu da hanci. Sai dai wani abin mamaki, kyauta ta yi ta shigowa gidan nan a wannan damina. Wannan ta aiko ƙwai, waccan ta ajiye ƙullin citta a bakin ƙofa, wata ta kawo zakara ta ce na Dakta ne. Ka tambayi dalili, a ce ba komai, gaisuwa ce.

Rifkatu ta sake farawa daga tushe. Ta bi ƙauyuka a bayan babur, ta shiga rugage inda ba wanda ya san ubanta, aka ce mata a'a har ta saba, aka ce mata to wanda yake to na gaskiya. Shekara ta zagayo ta zauna jarrabawar, ta ci a zama ɗaya. Yau ita ke gudanar da bitar nan tun da Mama Dakta ta kwanta dama. Na ji sun ɗauki wani tsohon direba yana zama a kujerata. An ce yana ƙoƙari. 

Saura kakarku. Kuna jira ku ji ta zauna ko ta fita, ko ba haka ba? Ni ma. Ranar da ta shiga ɗakin Dakta Bashir ta fi kowa daɗewa, ta fito tana gyara ɗankwali kamar wadda ta ci zaɓe. Daga ranar, kowace Alhamis sai ta yi wanka da sassafe, ta sa riga mai dogon hannu, ta fita ba ta karya ba, ta dawo wajen azahar. Asibiti ta je? Gidan ƙanwarta da ke bayan kasuwa ta je shan kunu? Oho. Gishiri kuma ta daina sa shi a tukunya, ta ajiye shi a ɗan faranti a tsakiya, mai so ya ɗiba, ita kuwa sai na juya baya take cin nata. Na yi dabara iri-iri. Na ce zafi ake, ta naɗe hannun riga mana. Na ce zan raka ta, gwiwata na son motsi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Baban Rifkatu, ka je ka tambayi kwamiti."

Abin da na lura kawai, waƙa ta dawo madafa ranar Laraba. Amma wannan ba hujja ba ce. Mai yiwuwa ta fita ne ta huta. Mai yiwuwa kuma ta zauna, allurar da mutum ya zaɓa da kansa ba ta kai ta dole zafi ba. Shekaru muka yi ina tambaya tana dariya, har ya zama wasanmu na tsufa. Rifkatu ma ba ta sani ba, kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Da Ubangiji ya kira Saratu, cikin masu zuwa gaisuwa har da Dakta Bashir. Ya zama babban likita a Kaduna, ya yi tumbi kaɗan, ya biyo hanyar Kachia da sassafe ya zo ya zauna a tabarma cikin dattawan coci, ya yi mana ta'aziyya irin tasu, muka amsa irin tamu. Da zai tafi na raka shi bakin mota, na riƙe hannunsa, na duba hagu da dama.

Na ce, "Dakta, yanzu ai ta tafi. Ni mijinta ne, kuma ni na koya maka aiki. Ranar nan a ɗakin nan, me ta ce maka?"

Ya sunkuyar da kai. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce a raina yau kam zan ji. Ya ɗago, da sanyin muryar nan tasa.

"A'a, Baba."

Na buɗe baki zan roƙe shi don girman Allah. Sai na ji kamar Saratu ta taka mini ƙafa, daidai mai ciwon. Na haɗiye. Na sake masa hannu, na gyara hulata.

Na ce, "To Dakta, na gode. Ba komai. A gaida gida."